Hoton Dusar Ƙanƙara a Shagon Firam na Garwa

Sana'ata buga hotunan bango da yi musu firam, shagona yana unguwar Yelwa a nan Garwa, arewacin Kamaru. Mu uku ne: ni da kafinta da yaron da ke yankan gilashi. Ayatul Kursiyyu da hoton Ka'aba su ke riƙe da shagon. Mai bi musu a ciniki kuwa hoton wani titi ne na birnin Paris cikin hunturu, dusar ƙanƙara ta lulluɓe kwalta da rufin gidaje, fitilun titi a kunne, 'yan tsirarun mutane riƙe da laima. Masu otal da asibitocin kuɗi kan saya, haka iyayen amare masu haɗa kayan jere, musamman a Maris da Afrilu in zafi ya haura digiri 40.

Hoton nan ba ya rufa wa mai aiki asiri. Injinmu tawada huɗu yake sha, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, babu fara. Duk farin dusar da ido ke gani na takardar ne. In an yi arahar takarda sai dusar ta fito kamar kokon da ya kwana. Inuwarta kuma shuɗi-shuɗi ce mai haske ƙwarai, in bakin da ke fesa tawada a injin ya ɗan toshe kawai sai layi-layi su bayyana, takardar ta tashi a banza. Ga ƙura. Kafin mu rufe firam sai mun ja ƙofa, mun yayyafa ruwa a ƙasa, mun goge gilashin ciki da waje, sannan mu liƙe bayan da salatif kewaye. Ina sa kwali tsakanin hoto da gilashi, don laimar damina a bakin kogin Binuwai tana manna su, kuma ba na ragin wannan ko mai saye ya matsa a kan farashi.

Gilashi daga Duwala yake zuwa, jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga nan mota. Wanda ya fashe a hanya asararmu ce.

Duk wadda ta saya nakan ce mata, "Hajiya, don Allah kada a rataye shi inda rana ke bugawa." Ja da rawaya ke fara koɗewa, fitilun su mutu, titin ya koma shuɗi fayau. Wasu dattawan kuma ba sa son hoton mai rai a ɗakin da suke salla, su muna buga musu wani titin dabam wanda ba kowa a kai, farashi ɗaya.