TARIHIN RAYUWATA, kashi na 6: Shekarar da Cherono ya koma Shaheen

Salamu alaikum jama'a. Makon jiya mun tsaya inda na ci gudun mita 5000 a gasar makarantu har yaran Aboabo suka laƙa min suna ɗan Kenya, to mu ɗora.

Wannan a 2003 ne. Ana sallame asuba zan ɗaura kambas in bi ta Asawase har filin wasa na Kumasi, wanda yanzu ake cema Baba Yara, in dawo in sha koko sannan in wuce rumfar Baba in taya shi jera goro. Ba albashi ba alawus, kambas ɗin ma gwanjo ne na Kejetia.

A watan Agustan shekarar aka yi gasar duniya a Faris ta Faransa, muka taru a shagon aski muna kallo. Gudun mita 3000 mai tsallake shinge da ramin ruwa, kowa ya san na mutanen Kenya ne, sai ga wani dogo siriri da rigar Katar wai sunansa Saif Saaeed Shaheen. Koci yace ku dube shi da kyau, Stephen Cherono ne fa, wanda ya ciyo wa Kenya zinare a gasar Komanwel ta Manchesta a 2002. Wallahi shagon ya kaure, don yayansa Abraham Cherono ma yana cikin tseren da rigar Kenya, gida ɗaya tuta biyu. Shaheen ya ci, Ezekiel Kemboi ya zo na biyu da ƙyar aka raba su, aka buga taken Katar.

Ana ta cewa dala dubu za'a riƙa ba shi duk wata har ƙarshen ransa. Ni dai daren nan ban yi barci ba ina ta juya dala dubu zuwa tsohon sidi, sifili ya ishe ni. Kuma har yau ban ga laifinsa ba gaskiya, a Kenya masu gudu irinsa sun yi yawa kuma mutum uku kawai ake ɗauka a kowane tsere, gwiwa ta lalace shikenan an manta da kai. Sun rama dai, Kenya ta ƙi sa hannu bai je Olamfik na Atens a 2004 ba, shi kuma ya je Brasels ya kafa tarihin duniya, 7:53.63, sai 2023 Lamecha Girma na Habasha ya karya. Mu ma namu Ignisious Gaisah mai dogon tsalle ya koma Holan ya ciyo musu azurfa a Mosko 2013, amma wannan daga baya ne.

Bayan ƙaramar sallah koci ya ja ni gefe, wai wani mutum daga Ankara babban birnin Gana yana neman yara masu dogon numfashi za'a kai su ƙasar Larabawa, a canza fasfo, a rage shekaru. Har yana min dariya wai ni ba sai an canza min suna ba tunda dama Musulmi ne.

Na samu Baba da maganar bayan isha'i. Bai ɗaga murya ba, yace "Kai yaro, ka san 1969?" Nace ina dai ji. Yace Busia, Firaministan Gana na lokacin, ya ba baƙi sati biyu su bar ƙasar, ƙanen Baba da aka haifa a nan Zango aka loda a mota zuwa Najeriya inda bai san kowa ba, shi kuma ya kwana uku a layin ofis kafin a yarda ɗan ƙasa ne. 1983 kuma Shagari ya koro na Gana suka dawo da jakunkuna a ka. "Takardar da na sha wuya a kanta ita zaka ba wani don gudu?"

Nace Baba ai kuɗi ne, zan gyara gida, zan kai ku Makka kai da Mma. Mma tana bakin murhu tace "Alhaji a bar shi ya gwada mana", shi kuma ya miƙe ya ɗauki takardar haihuwata ya jefa a akwatinsa ya sa kwaɗo.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗa muku yadda na hau motar Ankara ba da saninsa ba, da abinda na tarar a unguwar Nima.