Abin da ya faru da ma'aunin zuciya

Yanzu da na ajiye aiki, zan iya faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa game da ma'aunin zuciya, wato tsarin da na gina a wasan dabaru na kwamfuta da muke ƙerawa don halin sarki ya shiga lissafin wasan. Duk wanda ya zauna a sashen daidaita wasa, inda muke auna riba da hasarar kowane zaɓi, ya san yadda maganar ta ƙare, amma matasan da suka shigo bayanmu ba su san yadda ta fara ba, kuma tambayar za ta sake zuwa teburinsu ko da an sauya wa wasan suna.

Ɗan wasa ya ɗauki sarki mai tausayi, ya ci gari da yaƙi, mutanen garin sun miƙa wuya. Lissafi ya ce a kwashe dukiyar a ƙone garin, domin zinariyar za ta riƙe runduna tsawon zagaye goma. Halin sarkin kuwa ya ce a yafe musu. Idan kullum wanda ya yafe shi ke shan kashi a ƙarshe, to wasan ya riga ya zaɓar wa mutum, maɓallin yafiya ado ne kawai aka liƙa a allo. Mutum biyu ne ke cikin kowane mai wasan dabaru: ɗaya yana so ya ci, ɗaya yana so ya zama wannan sarkin na ɗan lokaci. Aikinmu shi ne kada mu bar na farkon ya riƙa biyan kuɗin shiga da wuyan na biyun.

Abin da na gina ba wani abin al'ajabi ba ne. Sarki mai tausayi in ya ƙone garin da ya sallama, zuciyarsa ta yi nauyi, umarninsa ya yi rauni na wasu zagaye, hafsoshin da suka bi shi don halinsa su fara ja da baya. In ya yafe, ya rasa zinariyar, amma daga baya samarin garin su shigo rundunarsa da kansu. Azzalumin sarki kuma akasin haka: yafiya ce ke zubar masa da kwarjini. Kowane hali da hanyarsa ta cin nasara.

Ba ni na ƙirƙiro tunanin ba, kuma ban taɓa cewa ni ne ba. A wasan sarauta na Crusader Kings II na 2012, mutum zai riƙe sarkin da aka rubuta masa kirki, amma don kada ƙasa ta rabu wajen gado sai ya tura ɗa guda bakin daga, ya naɗa wani limamin coci, ya bar wanda yake so. Da masu wasan, kamfanin Paradox, suka fito da Crusader Kings III a 2020, sai suka sa ma'aunin damuwa. Mai tausayi in ya kashe fursuna damuwarsa ta hau, marowaci in ya yi kyauta haka, mai jin kunyar mutane in ya shirya liyafa haka. Ta kai 100, ko 200, ko 300, sai sarkin ya karye, ya faɗa shaye-shaye ko ya kulle kansa a ɗaki. Ba a hana kowa aikata komai ba. An dai shigar da halin mutum cikin lissafin, har mai neman ci zalla ya ga dole ya tambayi kansa wane ne wannan sarkin.

Ranar da aka zauna duba aikin, shugaban sashe ya haska jadawalin masu gwaji a bango, ya ɗora yatsa kan layi ɗaya. Ya ce, "Duba nan, kusan kowa ƙonawa yake yi. Don me za mu hukunta mutane a kan abin da suke so?" Na ce, "Yallaɓai, ba so suke yi ba, tsoron faɗuwa ne. Kuma wannan jadawalin na sigar da ba a kunna ma'aunin ba ce." Kwanan watan na nan a saman shafin, kowa a ɗakin yana gani. Ya yi kamar bai ji ba, ya ce mu wasan dabaru muke yi, ba tatsuniya ba, ya wuce batu na gaba. Kafin mako ya zagayo an cire ma'aunin gaba ɗaya.

Abin da ya biyo baya kun sani. Da aka saki sigar gwaji ga jama'a, koken da ya fi yawa shi ne duk sarakunan ɗaya suke, in ka buga sau biyu ka gama ganin wasan. A rahoton da shugaban sashe ya aika sama, ya rubuta cewa sashen daidaitawa ya kasa samar da zaɓi mai ma'ana, ya sa sunana a ƙasan wannan layin. Bai ambaci abin da ya cire da hannunsa ba. Wannan kashin kajin da aka shafa mini shi ne har yau yake ci mini rai, fiye da rasa ƙarin girman da ya biyo baya, domin an tuhume ni da rashin abin da na gina aka rushe.

Duk da haka ban yarda da abokan aikin da suka juya fushinsu kan masu buga wasa da lissafi ba. Soren Johnson, wanda ya jagoranci tsara wasan gina daula na Civilization IV na 2005, ya daɗe da faɗin cewa in aka ba 'yan wasa dama, za su bi hanya mafi riba har su kashe wa kansu daɗin wasan. Ya kwatanta su da ruwa mai neman tsaga, kuma ruwa ba shi da laifi in bango ya tsage. A tsofaffin Civilization mutane sun gano cewa cika ƙasa da ƙananan birane barkatai ya fi gina 'yan manya riba, sai aka sa kuɗin ɗawainiyar birane a na huɗun don a rage abin. Masu irin wannan idon su ne masu gwajin da suka fi amfanar da ni. Wata a cikinsu ta gano cikin yini guda cewa ana iya ƙone gari sannan a sauya magaji don a tsere wa nauyin zuciyar, na toshe, na gode mata.

XCOM ma, jerin wasannin da ake jagorantar sojoji a yaƙi da baƙin halittu daga sararin samaniya, ya koya mini bambancin lada da bulala. A Enemy Unknown na 2012 mutane suna rarrafe taku-taku, kowane soja a kwanton ɓauna, wanda ko kaɗan bai yi kama da rundunar da ke gaggawar ceton duniya ba. Enemy Within na 2013 ya ajiye kayan ƙarfafa soja da ake kira Meld, masu lalacewa in an yi jinkiri, mutane suka fara gudu da son ransu. XCOM 2 na 2016 ya ɗaura wa'adin zagaye a yawancin ayyuka, sai ga 'yan wasa suna rubuta gyare-gyaren kansu don tsawaita shi. Shi ya sa na fi ba samarin garin da aka yafe muhimmanci a kan raunin umarni.

Sauran darussan ƙanana ne. Kada ka karɓi jadawali ba ka duba sigar da aka ɗauko shi ba. Duk abin da aka yanke a taro, ka aika shi a rubuce kafin ka tashi aiki. Kuma ka buga wasan wani lokaci ba tare da manhajar lissafi ta Excel a buɗe ba.

Ma'aunin yana nan a ma'ajiyar aikin, ban goge komai ba, da bayanin kowace lamba a gefenta. Wanda ya gaji kujerata, in an ba shi dama ya kunna, ya fara da gyara abu ɗaya: ladan yafiya yana zuwa a zagaye na 30, ya yi nisa, mutane suna mantawa da garin kafin samarin su iso. A dawo da shi wajen na 15, sannan a ba masu lissafin nan su nemi tsagarsa.