Maradona a fadarmu ta Garin Malam

Daren Asabar bayan isha'i ƙanena ya zo fada da fim ɗin Maradona a katin waya, muka jona da talabijin, aka ɗora shayi. Na Asif Kapadia ne, wanda ya fito a 2019. Na zaci tarin ƙwallaye ne kawai da kiɗa. Ashe ba haka ba.

Kapadia bai zaunar da kowa a kujera yana zuba surutu ba. Muryoyi kawai kake ji a kan tsofaffin hotuna, kuma kusan duka labarin a Napoli yake, birnin kudancin Italiya, daga zuwan Diego Maradona kulob ɗin garin a 1984. A taron ƴan jarida na farko ma wani ya yi tambaya kan Kamora, ƴan dabar garin, shugaban kulob ɗin ya fusata ya kore shi daga zauren. Amma inda fada ta yi tsit shi ne wurin da magoya bayan ƙungiyoyin arewacin Italiya ke yi wa mutanen Napoli waƙar gori, wai ƙazamai ne, su je su yi wanka. Wani a cikinmu ya ce: “To mu Damagarawa da muke kwana a layin famfo da jarka fa, me za su ce mana?” Aka yi dariya, amma daga nan kowa ya koma ɗan Napoli. Da suka ɗauki kofin gasar Serie A ta Italiya a 1987, karon farko a tarihinsu, har tafi muka yi kamar yau aka buga.

Sai 1990, a gasar kofin duniya, Ajantina, ƙasar Maradona, ta fitar da Italiya a bugun fenariti, a filin Napolin kanta. Daga nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Fuskarsa a hotunan bayan nan, ta kumbura, ido ya faɗa, ta fi duk wani sharhi.

Na Pele kuwa, wanda Netflix ta fitar a 2021, bai kama ni haka ba. Ganin tsohon yana shigowa da abin dogarawa, yana kaɗa akwatin gogar takalmi da yatsu, ya taɓa zuciya. Amma da aka zo maganar mulkin soja a Brazil da shugabanta Janar Medici a 1970, sai na ga ana lallaɓa shi.

Muna shayi na uku Baba mai gadi ya matso. Ya ce mu bar masa Turawa, a yi masa fim ɗin Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu Nijar: Oktoba 2010, Moussa Maazou ya ci Masar ɗaya da nema a filin Seyni Kountché, Masar da ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere. Shekara ta zagayo, ƴan Afirka ta Kudu suka yi canjaras da Saliyo suna ta rawa a fili, ba su san mu ne muka wuce zuwa gasar kofin Afirka ba. Ya miƙe ya gwada mana rawar, tocila a hannu, har ya kifar da butar shayin.