Kada a zare batir injin tirela na aiki

Sana'ata gyaran wutar manyan motoci, wato rewaya, kamar yadda ake kiranmu a gareji. Yawancin DAF da Howo da ake kawo mini ƙwaƙwalwarsu, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ta ƙone, in na bi diddigi, hannun mutum ne ya jawo.

Tun ina yaron shago na ga ana aron batir a tayar da mota, sannan a zare shi a mayar wa mai shi alhali inji na aiki. Tsohuwar babbar mota Marsandi 911 ba ruwanta, domin famfon manta ba ya buƙatar kwamfuta. Motar yanzu kuwa ba ta ɗaukar wannan. Tirela tana aiki da volt 24, batir biyu masu 12 a jere, altaneta kuma, wato na'urar da ke caja batir idan inji na aiki, tana caji a wajen 28. Batir shi ne tafkin da ke shanye ambaliyar altaneta. Da zarar ya rabu da layi tana tsakiyar caji, wuta na iya haurawa sama da volt 150, har kusan 200. Abin bai kai rabin daƙiƙa ba, amma ya isa ya kashe ƙwaƙwalwar inji da na'urar bin sawun mota.

Direbobi kan ce mini, "Malam, ai akwai fis." Fis yana tsinkewa ne idan wuta mai yawa ta daɗe tana bi ta cikinsa, amma wannan tsallen wutar ya riga ya yi ɓarna kafin fis ya yi zafi. Shi ya sa nake sa dayod ɗin da ake kira TVS a bakin wayar duk na'urar da na ɗaura, bayan fis ɗinta. Idan wuta ta wuce iyaka, sai ya karkatar da rarar zuwa bodi.

Abin da ya fi damuna shi ne kan batir mai lilo, wato inda waya ke kama batir idan bai ɗauru sosai ba. Ramukan hanya suna girgiza shi, ya riƙa rabuwa yana haɗuwa, daidai yake da a yi ta zare batir ana mayarwa. Na daina yarda da cusa ƙusa ko guntun waya a matse shi. Sabon kai nake sawa, in goge tsatsa, in ɗaure da sifana, in duba wayar da ke zuwa bodi.

Ranar walda kuwa ni da kaina nake cire batir, in zare soket ɗin ƙwaƙwalwa, in sa mai walda ya maƙala wayar bodinsa dab da inda zai yi aiki. Masu jan volt 12 daga batir ɗaya don rediyo ko cajar waya, nakan nuna musu yadda ɗayan ke ƙarewa kafin ɗan'uwansa, sannan in ɗaura musu na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12.