Yadda muke nemo madadin fenti ruwan toka mai ɗumi idan na asalin bai samu ba

A cikin kalolin da ake yawan tambaya a shagon fenti 'yan shekarun nan, babu mai ba mu aiki kamar ruwan toka mai ɗumi, wanda ke tsakanin toka da ruwan ƙasa mai haske, irin launin dutsen gini. Mai gida ko uwargida kan zo da hoto a waya, wani lokaci har da suna, misali Purbeck Stone mai lamba 275 na kamfanin Farrow & Ball da ke Ingila. Ba kaya ba ne da za ka shiga kasuwa ka ɗauko, kuma ko an yi odarsa kuɗin jigila kaɗai ya isa ya kashe maganar. Dole sai madadi.

Abu na farko da muke ajiyewa gefe shi ne hoton waya. Kowace waya da yadda take nuna kala, kuma ba mu san hasken da aka ɗauki hoton a cikinsa ba. Sunan ma ba abin dogaro ba ne, domin kamfanoni biyu kan sa suna mai kama da juna a kan kaloli mabambanta. Abin da muke nema shi ne abu a hannu: katin kala na asali, ko murfin tsohon gwangwani, ko ɓallin bango da ya kai faɗin tafin hannu, wanda rana ba ta koɗar da shi ba.

Idan babu wannan, sai lambar kalar a ɗaya daga cikin tsare-tsaren da ke ba kowace kala lambarta. Tsarin RAL na Jamus yana da 7030, wanda sunansa ma tokar dutse ne, amma ya fi abin da yawancin mutane ke nufi duhu sosai. A falo zai yi nauyi. 7044 ya fi kusa ta fuskar haske, 7032 kuwa yana ɗan karkata zuwa kore. Ni na fi son tsarin NCS na Suwidin, don lambarsa tana bayyana kanta. Ɗauki S 2005-Y20R: 20 na farko yawan baƙi ne, 05 ƙarfin kala, sauran kuma na nufin rawaya mai ja kashi 20 cikin 100. Da ka gane wannan, ka san inda za ka matsa idan gwaji ya fito da duhu ko ya yi sanyi. Wuraren da ke da injin haɗa kala, irin cibiyoyin Dulux da kamfanin CAP ke gudanarwa a Najeriya, za ka iya kai musu lamba ko samfur. Sai dai injin yana aiki ne da farin fenti da ruwan kalar kamfaninsa, don haka abin da zai ba ka makusanci ne, ba ainihi ba.

Haɗawa da hannu ita ce inda aikin yake. Kaloli 3 ne ke yin wannan launi a cikin farin emolshan, wato fentin bango da ake tsarmawa da ruwa: baƙi, rawayar ƙasa, da jar ƙasa. Baƙi shi kaɗai a cikin fari yana ba da toka mai sanyi da ke ɗaukar ido kamar shuɗi. Ka zuba rawaya don ɗumama ta, sai ta juya kore-kore. Jan ne ke kashe koren, amma da ya ɗan yi yawa bango ya koma ruwan hoda, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi wuyar gyarawa. Don haka ja a ƙarshe yake shiga, ɗigo-ɗigo. Mukan fara da rawaya kashi 6, baƙi 4, ja 1, mu gyara daga nan, tunda ƙarfin ruwan kala ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A auna da sirinji, ba da murfin kwalba ko "ɗan kaɗan" ba. A gwada a lita 1, a rubuta mililita nawa aka zuba na kowanne, sannan a ninka sau 20 don babban bokiti. A dama ruwan kalar a ɗan fenti a kofi kafin a juye, in ba haka ba zai yi gudaji ya fito da zane-zane a ƙarƙashin rola.

Kada a yanke hukunci a kan ɗanyen fenti. Emolshan yana ƙara duhu idan ya bushe. Mukan shafa hannu 2 a kan farin kwali ko falanki mai faɗin rabin mita, mu bar shi ya kwana, sannan a kai shi ɗakin da za a yi wa aiki. A jingina shi kusa da taga, a mayar da shi lungu, a ajiye shi a kan tayil, a duba da safe, da la'asar, da kuma dare.

Duba na dare shi ne wanda ake tsallakewa, alhali shi ya fi muhimmanci. Fenti biyu na iya zama iri ɗaya sak a hasken rana, a kunna ƙwan lantarki su rabu, saboda sinadaran kalar da ke cikinsu ba ɗaya ba ne. Farin ƙwan LED mai 6500K (lambar da ke nuna launin haskensa), wanda ya cika gidajenmu, yana shanye ɗumin kalar ya bar toka zalla kamar siminti. Mai 2700K ko 3000K kuwa yana tura ta zuwa ruwan madara. Shi ya sa nake tambayar irin ƙwan da za a sa tun kafin in buɗe gwangwani. Jan tayil, labule mai kauri, ko jar ƙasar tsakar gida da rana ke haskawa ta shigo ta taga, duk suna rina bango. A irin wannan ɗaki gara a rage jan a haɗin.

Sai ƙyalli. Kala ɗaya a fenti marar ƙyalli da kuma satin, mai ɗan ƙyalli, ba za ta yi kama ba, satin ya fi nuna ta da zurfi, ya kuma tona duk wani tudu da kwarin filasta. Fentin mai na ƙofa da taga yana ɗan yin rawaya da tsufa, musamman inda rana ba ta kaiwa, don haka ko an dace a ranar farko, bayan shekara za a ga bambanci.

Bangon ma yana da nasa. Sabuwar filasta tana buƙatar kamar mako 4 ta bushe, a kuma sa mata fentin share fage mai jure gishirin siminti, in ba haka ba farin gishiri zai fito ya yi dabbare-dabbare, kuma a ruwan toka ba ya ɓuya. Yawan tsarma ruwa, wanda wasu masu fenti ke yi don bokiti ya yi auki, yana sa kalar ta fito fayau ta ƙi rufe bango.

Lissafin yawa kuwa a yi shi tun farko. Ɗaki mai mita 4 da 4, tsayi mita 3, bangonsa murabba'in mita 48 ne. A cire ƙofa da tagogi ya rage kamar 43. Hannu 2, a kan murabba'in mita 10 kowace lita, kusan lita 9 ke nan, a bango mai tsotsa fiye da haka. Idan aikin ya wuce bokiti ɗaya, a juye su duka a babban mazubi a gauraya kafin a fara, don haɗi biyu ba sa taɓa zuwa daidai. A rage lita 1 a rufe da kyau don faci, a rubuta haɗin da kwanan wata a jikin murfin. Idan kuma tsohon bango ne ake son yi wa faci da madadi, a shafe bangon daga kusurwa zuwa kusurwa, domin a tsakiyar bango ko ɗan bambanci kaɗan ido zai kama shi.