Tafki da Teku a Farkon Bazara: Inda Na Kai a Koyon Fatsa

'Yan'uwa masu koyon fatsa, ga inda aka kwana. Zafi ya fara shigowa, ruwa ya soma ɗumi, kuma fitar da nake yi a 'yan makonnin nan ta kasu gida biyu: wani zubin tafki ko bakin kogi, wani zubin bakin teku. Kayana suna nan yadda suke. Abin da na ƙara kawai ƙaramin ma'aunin zafi ne da ɗan littafin aljihu, inda nake rubuta ƙarfe nawa ne, zafin ruwa nawa ne, iska daga ina take kaɗawa, da lokacin da kifi ya taɓa ƙugiya. Da rubutun ya ɗan taru, sai na ga abin da tsofaffin hannu suka daɗe suna faɗa: a tafki rana ce ke juya kifi, a teku kuwa wata ne.

Bari in fara da ruwan daɗi, don a nan na fi samun ci gaba.

Jikin kifi ba ya riƙe ɗumin kansa, zafin ruwan da yake ciki shi ne zafinsa. Shi ya sa da ruwa ya fara ɗumi sai cinsa ya buɗe, ya bar zurfi ya matso gefe inda ƙwari da ƙananan kifaye suke. Amma ɗumin nan yana zuwa da nasa sharaɗi. Ruwa mai digiri 10 yana iya riƙe kusan miligiram 11 na iskar oksijin a lita ɗaya. A digiri 20 ya dawo wajen 9, a digiri 30 kuwa bai kai 8 ba. Wato daidai lokacin da jikin kifi ya fi buƙatar iska, a lokacin ruwan ya fi ƙarancinta. Farkon bazara shi ne ɗan tsakanin nan mai daɗi: ruwa ya yi ɗumin da zai sa kifi ya ci, bai kai zafin da zai kashe masa jiki ba. Idan rana ta take, cizo yakan ɗauke a gefe, sai a nemi inuwar bishiya, ko gindin ciyawa, ko mashigar da ruwa mai gudu ke zubowa tafki.

Kowa zai ce maka ka yi sammako, kuma yawanci gaskiya ne. Sai dai akwai wurin da maganar ba ta zauna ba. A ƙaramin tafki mara gudu wanda ciyawa ta cika, tsirrai suna sakin oksijin da rana, da dare kuma su ma shaƙa suke yi, don haka iskar ta fi ƙaranci da asuba. A irin wannan ruwa na ga ƙananan kifaye sun taso sama suna buɗe baki, ƙugiya na gabansu ko kallo ba ta ishe su ba, sai da hantsi ya ɗaga suka fara ci. Tarwaɗa ce kaɗai ba ruwanta, saboda tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iskar sarari da ita. Za ka ga ta ɓullo ta yi "ɓul" ta koma. Duk inda na ga wannan ɓullowa sau biyu a wuri ɗaya, nan nake jefawa, in kwantar da tana a ƙasa. Tarwaɗa ba da ido take farauta ba, da gashin bakinta da fatarta take ɗanɗanar ruwa, don haka ruwa mai laka ko duhun dare ba sa hana ta.

Abin da ya zauna mini a hannu a wannan zagaye shi ne auna zurfi kafin a sa wa ƙugiya abinci. Ga yadda nake yi. In maƙala dalma mai ɗan nauyi a jikin ƙugiya, in jefa. Idan 'yar robar nan mai iyo da ake sawa a jikin zare ta nutse gaba ɗaya, zurfin ya fi tsawon zaren da na bari a ƙarƙashinta, sai in matsar da ita sama. Idan ta kwanta a gicciye, zaren ya yi yawa, in matso da ita ƙasa. Haka har sai kanta kaɗai ya leƙo. Daga nan in maimaita a hagu, a dama, da ɗan gaba, har in gano inda ƙasan ruwa ya gangara farat ɗaya. Kan wannan gangare kifi ke bi yana kai-komo. Aikin minti biyar ne, kuma tun da na mai da shi ɗabi'a zaman banza ya ragu ƙwarai.

Karanta 'yar robar ma ilimi ne. Rawa-rawa a wuri ɗaya, ƙananan kifaye ne ke tsattsagar tana, kada ka motsa. Idan ta ɗago sama ta kwanta, kifi ne ya ɗauki abincin daga ƙasa ya ɗaga dalmar tare da shi, wannan cizo ne na gaske duk da ba ta nutse ba. Idan ta sulale gefe tana nutsewa sannu a hankali, ɗaga sandar da wuyan hannu kawai, ban da fizga.

A gefen tafki mara zurfi za ku fara ganin wasu ramuka zagayayyu, fes da su babu laka, kifi ɗaya na tsaye a kai yana korar duk wanda ya matso. Sheƙar karfasa ce. Namiji ne ke haƙawa, macen kuma a baki take goyon ƙwai har su ƙyanƙyashe. Irin wannan kifi zai kai wa ƙugiya cafka don fushi, kama shi ba gwaninta ba ce, ni dai ina wuce su. Ƙasashe da dama ma doka ce ta hana kamu lokacin saka ƙwai. A Ingila, alal misali, ana rufe koguna ga masu kamun yawancin kifayen ruwan daɗi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni. Kowa ya bincika dokar inda yake, da batun lasisi, kafin ya fita.

Sai batun ɓuya. Kifi na ganinka, mai jar koma. Idan ruwa ya kwanta ya yi garau, tsayuwa a kan gaɓa da farar riga daidai take da shelar zuwanka. Kuma akwai wani layi a gefen jikin kifi daga kai zuwa wutsiya da yake jin motsin ruwa da shi, ga sautin taku da ke ratsa ƙasa ya shiga ruwa. Yanzu ina zama ne ƙasa-ƙasa, nesa kaɗan da baki, in kula kada inuwata ta faɗa ruwa.

Teku kuwa wata makaranta ce daban, kuma har yanzu a ajin farko nake.

A yawancin gaɓoɓin duniya teku na cika sau biyu ta janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, don haka cikar gobe takan yi jinkirin kusan minti 50 a kan ta yau. Kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar sabon wata, da bayan daren sha huɗu, cikar ta fi tumbatsa, janyewar ma ta fi nisa, saboda jan wata da na rana sun haɗu a layi ɗaya. Idan rabin fuskar wata ake gani, tazarar da ke tsakanin cika da janyewa ta ragu. Wurare ma sun bambanta: a Bahar Rum bambancin ɗan kaɗan ne, a mashigin Fundy na Kanada kuwa yakan kai mita 16. Jadawalin cikar teku na kowace gaɓa yana nan a intanet, kuma shi nake fara dubawa kafin in sa ranar fita.

Lissafin da ya fi yi mini amfani shi ne na kashi goma sha biyu. Daga ƙarshen janyewa zuwa cika ana ɗaukar kimanin awa shida, amma ruwan ba ya hawa da gudu ɗaya. Awa ta farko kashi 1 cikin 12 yake hawa, ta biyu kashi 2, ta uku kashi 3, ta huɗu kashi 3, ta biyar 2, ta shida 1. Ke nan rabin ruwan gaba ɗaya a cikin awa biyun tsakiya yake zuwa. Idan tazarar wurin mita 3 ce, mita ɗaya da rabi zai hau a awa biyun nan. Wannan lissafi yana gaya maka abu biyu. Na farko, lokacin ne igiyar ruwa ke tone yashi tana fito da tsutsa da ƙananan kaguwa, kifi ya biyo su. A littafina, cizo ya fi taruwa ne lokacin da ruwa ke tafiya, idan ya tsaya cak a ƙarshen cika ko ƙarshen janyewa sai a yi tsit. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, duk wanda ya taka zuwa kan wani dutse lokacin da ruwa ya janye, hanyar komawarsa tana iya rufewa kafin ya ankara. Kada a juya wa teku baya, kuma a kan duwatsu a sa rigar hana nutsewa ko da an iya ninƙaya.

Wata dabara da na koya: in je gaɓar lokacin da ruwa ya janye ƙarshe, ba don kamu ba, don kallo. A lokacin ake ganin kwaruruwan da ke cikin yashi, da tudun da raƙuman ruwa ke fashewa a kai, da duwatsun da za su ci maka dalma. In sa alama da wani abu da ke kan tudu. Idan ruwa ya dawo, na san inda zan jefa, kuma sau da yawa kwarin bai wuce taku ashirin ko talatin daga baki ba. Mu sababbi muna ta fama mu yi jifa mai nisa, alhali kifin yana kusa da ƙafarmu.

Teku ba ta ɗumi da sauri kamar tafki, yawan ruwanta ya sa takan biyo baya da makonni. Amma a farkon bazara garken ƙananan kifaye na matsowa gaɓa, manya na biye da su. Idan kun ga tsuntsaye sun taru wuri ɗaya suna faɗawa ruwa, can ne. A irin wannan lokaci ɗan ƙarfe mai ƙyalli da ake jefawa a jawo da sauri ya fi jatan lande aiki. Sauran lokuta jatan lande ko yankan kifi a ƙasa, da dalmar da za ta iya riƙe yashi.

A teku ne na fara amfani da ƙugiyar nan mai lanƙwasa kamar zobe, wadda tsininta ya juyo ciki. Ita ba a fizgar ta. Kifi ya ɗauka ya juya, kai dai ka naɗe zare a hankali har ya miƙe, ƙugiyar za ta zamo ta kama shi a gefen baki. Hannun da ya saba ɗagawa a tafki yana shan wahala kafin ya yarda ya tsaya, amma ga mai niyyar sakin kifi babu kamarta, don da wuya ta wuce cikin maƙogwaro. Ga wanda lambobin ƙugiya ke rikitawa: lamba 10 ta fi lamba 2 ƙanƙanta, amma daga 1/0, 2/0, 3/0 girma ake ƙaruwa.

Ƙulli ɗaya na tsaya a kai har sai da na iya shi ido rufe, wato Palomar. A ninka zare biyu kamar tsawon tafin hannu, a zura ninkin ta idon ƙugiya, a yi ƙulli na yau da kullum sako-sako ƙugiyar na reto a tsakiya, sannan a zura ƙugiyar gaba ɗaya ta cikin madaukin da ya rage. A jiƙa da yawu kafin a ja, domin gogayya a bushe tana ƙona zaren roba ta raunana shi daidai wurin ƙullin. A ja a hankali, a yanke saura. Idan zare ya tsinke kuka ga bakinsa ya nannaɗe kamar wutsiyar alade, ƙullin ne ya kwance, ba ƙarfin kifi ba ne.

Birkin keken zare kuma, wato abin da ke sakin zare idan kifi ya ja da ƙarfi, ana saita shi ne ya fara saki a wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Zare mai ɗaukar kilo 6, birki ya saki a kilo ɗaya da rabi zuwa 2. Da ƙaramin sikelin rataye nake gwadawa a gida.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma ba ya yafe wa ƙarfe. Duk ranar da na dawo, kafin in zauna, ina ɗaure birki, in ɗauraye keke da sanda da ƙugiyoyi da ruwan daɗi a hankali, ba da feshi mai ƙarfi ba don kada a tura gishirin ciki, in goge, in sassauta birkin, in bari su sha iska. Ƙugiyar da ta shiga teku ba ta komawa akwati ɗaya da sababbi, in ba haka ba tsatsa ta bi su duka.

Game da sakin kifi, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi, saboda yauƙin jikinsa ne garkuwarsa daga cuta. Kada a ajiye shi a kan dutse ko yashi mai zafi. A tallafe shi a kwance, a cire ƙugiya da filaya, a riƙe shi cikin ruwa har ya buga wutsiya da kansa. Tarwaɗa kuma a kula da ƙayoyin da ke gefen ƙirjinta, a sa yatsu a bayansu. Idan hadari ya haɗo aka ji tsawa, a kwantar da sanda a tashi, yawancin sandunan zamani na kabon ne, suna ɗaukar lantarki.

Abin da ya rage mini shi ne haɗa zare saƙaƙƙe da zaren roba na gaba ba tare da ƙullin ya riƙa sarƙewa a zoben sanda ba, da kuma jifa cikin iska mai bugowa daga gaba. Fita ta gaba na sa ta kwana biyu bayan daren sha huɗu, zan isa awa biyu bayan ƙarshen janyewa in tsaya har ruwa ya cika. Wanda a cikinku ya gwada ƙugiya mai zobe a kan tarwaɗa a tafki, ya gaya mana lambar da ya sa da yadda ta kama.