Yadda na rina kaba ta yi kalar wuta

Da bikin autarmu ya matso, na ɗauri niyyar saƙa mata faifai mai zanen wuta, irin wadda almajirai ke kewayewa da daddare a tsangayar bayan gidanmu, nan gabas da Ringim. Galurar kanti tana da sauƙi, a zuba a tafasasshen ruwa, a tsoma kaba, shi ke nan. Amma jan da take bayarwa iri ɗaya ne daga tushe har kai, kuma duk wanda ya taɓa zura wa murhu ido ya san wuta ba haka take ba.

Sai na koma ga karan dafi. Wani irin dawa ne da ba don hatsi ake shuka shi ba, don jan ɓawon ganyen da ke lulluɓe da karan. Da shi dukawa ke rina fatar awaki tun kaka da kakanni, jar fatar da fatake suka riƙa ratsa hamada da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko alhali daga ƙasar Kano da Sakkwato take fitowa. Na sayo damin karan a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, tare da saiwar rawaya da kanwa.

Goggona ce ta tsaya a kaina. Na daka ɓawon, na zuba a tukunya, ruwan ya yi wani fatsi-fatsi mara armashi. Ta ce, “Ɗiyata, jefa kanwa.” Ina jefa ɗan ƙulli sai ruwan ya juye a gabana, ya koma ja wur, kumfa na tasowa a gefen tukunya. Ta sa na ɗebi rabi a wata tukunyar, na tsiyaya masa ruwan tsamiya. Wannan kuma ya yi baya, ya washe ya koma ruwan goro. Ɓawo ɗaya ke nan, kanwa ta ja shi can, tsami ya ja shi nan. Kabar da na fara dafawa da rawaya kafin in tsoma ta a jan, ita ta fito da launin harshen wuta sosai. Wadda ta kwana a tukunyar kanwa ta yi duhu, irin na garwashin da ya fara mutuwa.

Wajen jera launukan ne na fi shan tunani. Na je na tsaya a bakin maƙera ina kallon ƙarfe a wuta. Yakan fara da ja mai duhu, in aka ci gaba da zuga ya koma ruwan goro, sannan rawaya, daga nan ya doshi fari. Maƙerin ya ce mini, “Uwar gida, jan nan da kike gani shi ne mai sanyin cikinsu.” Don haka na sa rawaya a cibiyar faifan, ruwan goro ya biyo, ja ya kewaye, baƙi ya rufe bakin.

Mijina da ya gani sai ya tuno ruwayar da ke cikin littafin Tirmizi, cewa an hura wutar lahira shekara dubu har ta yi ja, wata dubun ta yi fari, wata dubun ta yi baƙi ƙirin. Ya ce kada mutane su ce na kai wa amarya Jahannama ɗaki. Maganarsa da hujja, don waƙoƙin wa'azi na ajami da muka taso muna ji, tun na zamanin jihadin 1804, in suka ambaci wuta to azaba suke nufi, mari da sarƙa da narkon ƙarfe. Ni dai ban yarda wannan ce kaɗai wutar da muka gada ba. A Suratu Ɗaha, wuta Annabi Musa ya hango, ya ce wa iyalinsa su dakata ko ya samo musu yula ko shiriya. Masu kirarin dambe da na noma in sun ce wa namiji wuta, yabo ne. Mai karin magana kuwa gargaɗi yake yi da ita, gemun ɗan'uwa in ya kama, a shafa wa naka ruwa. Wadda na saƙa ta karatu ce da ɗumin hunturu.

Abin da zan gaya wa mai son gwadawa: a jiƙa kaba tun dare, don busasshiya ba ta shan rini. Kanwa kaɗan-kaɗan ake ƙara ta, in ta yi yawa jan yakan ƙone ya koma ƙasa-ƙasa, kabar kuma ta riƙa karyewa a basilla. A shanya a inuwa. Sannan a rina duk kabar da ake bukata a tukunya ɗaya rana ɗaya, don tukunya ta biyu ba ta taɓa ba ni jan da ya yi daidai da na farko ba.